Baba Tsoro, Dattijon da Ba Mu Zaɓa Ba

Idan za a bi gaskiya, a cikin duk ma'aikatan da suka yi wa ikilisiya hidima tun daga Funtua har Malumfashi, a haɗa da Ƙafur da Bakori da Ƙanƙara, babu wanda ya kama ƙafar Baba Tsoro. Ba a zaɓe shi ba, ba a ɗora masa hannu ba, bai taɓa zama a makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Ba ya neman albashi, ba ya zuba ido a kan buhunan baikon kaka, ba a taɓa jin ya nemi canjin wurin aiki saboda karatun yara ba. Duk da haka ya fi Rabaran yawan ziyara, ya fi katikis sammako, kuma shi kaɗai ne mai wa'azin da in ya buɗe baki babu mai gyangyaɗi. Fasto zai yi wata uku yana koyarwa a kan zakka, jama'a su ce za su yi tunani. Baba Tsoro kuwa raɗa ɗaya zai yi bayan magariba, kafin gari ya waye kowa ya aikata.

Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. A zamaninsu ke nan. Namu Baban ya gaji da zaman daji, ya shigo gari, ya ce wa Kunya ta ɗan matsa masa, ta kuwa matsa. Yanzu yana da tabarma a kowane zaure, yana da wuri a bencin gaba.

Kada wani ya ce dattijon nan ba shi da hujja. Yana da ita, kuma a nan ba na wasa da kowa. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare aka kora yara fiye da 300 cikin daji. A watan Mayu 2021 aka afka wa cocin St. Vincent Ferrer a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, matashi, aka tsinci gawarsa a gona, aka tafi da tsoho Fada Joe Keke. Shekara na zagayowa, 25 ga Mayu 2022, aka shiga gidan Fada a Gidan Maikambo ta ƙasar Ƙafur, aka kwashi Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara da yara biyu, sai bayan kimanin wata guda suka ga gida. A Janairun 2023 aka ɗebi masu sujada ranar Lahadi a Gidan Haruna ta Ƙanƙara. Kuma don kada wani ya zaci harsashi yana tambayar addini, ranar 19 ga Agusta 2025 a masallacin Unguwar Mantau ta Malumfashi aka buɗe wa masu sallar asuba wuta, aka kashe gommai. Bayan waɗanda jarida ta buga akwai na bakin gona, na hanyar kasuwa, na cikin ɗaki, waɗanda sai dangi suka san sunayensu.

To, gwanintar Baba ita ce, a duk wannan bai taɓa riƙe bindiga ba. Wasu ke zuwa su yi ɓarna su koma daji, shi kuma ya biyo baya ya kwashe riba. Ɓarawon daji zai kore shanu, ya ɗauki mutum ɗaya ko biyar. Sauran ƙauyen, masu rai da lafiya, waɗanda ko kallonsu ba a yi ba, duk na Baba ne, kuma ba ya neman kuɗin fansa don ba shi da niyyar sakin kowa.

Yana da wani ƙane da ake kira Hattara, talaka ne, ba shi da kwarjini. Mutane kan rikita su, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Hattara ne ya ta da Yusufu cikin dare ya kai Maryamu da jaririnta ƙasar Masar. Shi ya sa Bulus a kwando aka zurara shi ta ganuwar Dimashƙu. Shi ya sa magina a zamanin Nehemiya suka riƙe makami da hannu ɗaya, suna aiki da ɗayan. A wajenmu shi ne ke cewa a dawo da addu'ar dare zuwa yamma, a sa samari biyu a kan tudu lokacin sujada, kada a bi hanyar Sheme in rana ta yi sanyi, a shuka wake ko waken suya a bayan gida maimakon dawa da masara masu ɓoye mutum. Laifin Hattara guda ne: in ya gama ba ka shawara sai ya ce, to tashi ka je ka yi abin da Allah ya ce. Dubi ƙaramin tunani! Baba ba ya wahalar da mutum haka. Shi cewa yake kada ka je sam, Allah ya san halin da ake ciki. Kuma don tawali'u ba ya fita da sunansa. Sai ya ari rigar ƙanensa ya sa, in an tambaya ya ce shi ne Hikima. Ban taɓa jin wani ya miƙe a taron dattawa ya ce tsoro nake ji ba. Kowa cewa yake, 'yan'uwa, mu yi amfani da hikima.

Tarihinsa ma ba na jiya ba ne. Wanda ya buɗe Littafin Mahukunta zai rantse labarin Faskari ko Sabuwa ake ba shi. Shekara 7 Madayanawa suna jira sai amfanin gona ya nuna, su zo da raƙuma su share, mutane suna kwana a kogunan dutse. Mu namu da babura suke zuwa, bambancin ke nan. A lokacin ne aka iske Gidiyon yana sussukar alkama a ramin matse inabi don kada a gan shi, ɗalibi na gari, mai jin maganar Baba. Da ya bijire ya tara mayaƙa 32,000, aka yi shela cewa mai jin tsoro ya koma gida, mutum 22,000 suka juya. Ku lissafa da kanku. Wane ɗan takara ne ya taɓa samun irin wannan rinjaye ba tare da ya raba ko taliya ba? Haka a zamanin Musa: mutum 12 aka aika leƙen ƙasa, suka dawo da nonon inabi da sai mutum biyu suka ɗauka a sanda, amma 10 suka ce mutanen can ƙatti ne, ba za a iya ba. Joshuwa da Kalibu kaɗai suka yi gardama. Masu rinjaye suka ci, aka yi shekara 40 ana zagaya hamada. An dai sha wahala, amma ai an bi ra'ayin jama'a.

Mu dawo gida mu ga ayyukansa, don yabon da ba hujja fadanci ne.

Na farko, ya gyara mana ibadar safe. Da can maigida yakan tara iyali, a karanta aya, a yi addu'a, a ɗauki fartanya. Yanzu kafin a wanke ido an buɗe WhatsApp an saurari muryar wani da ba a san shi ba, yana haki, yana cewa an ga babura 200 sun tsallaka rafi, kowa ya tura wa 'yan'uwansa. Ba kwanan wata, ba sunan rafin. Amma dubi biyayya! Nan take ake turawa, babu mai cewa sai ya yi addu'a a kai tukuna. Da bishara ta sami irin waɗannan masu aiko da saƙo, da 'yan Sabon Rai sun huta da yawon ƙauye da ganga. Ko lokacin da gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 a watan Satumba 2021, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aikin Baba bai tsaya ba. Ya koma bakin rijiya da tashar mota, ya ma fi armashi, tunda ba wanda zai iya buga waya ya tambaya ko gaskiya ne.

Addu'ar kanta ya rage mata nauyi. Da ana wahalar da kai, a yi wa masu mulki, a yi wa marasa lafiya, a yi wa waɗanda ba su ji bishara ba, har a yi wa maƙiya kamar yadda aka umarta. Yanzu ta zama gajeriya mai daɗin riƙewa: ni, da matata, da 'ya'yana, da babur ɗina. In an ambaci maƙiyi, to wuta ake kira masa.

Na biyu, haɗin kai. Shekara nawa ƙungiyar CAN tana fama ta tara ɗan Katolika da ɗan ECWA da ɗan Angilikan da ɗan Baptis a inuwa guda? Baba ya yi shi ba taro, ba kuɗin mota. Har maƙwabtanmu Musulmi ya haɗa, kowa ƙarfe shida ya ja ƙyaure. Sai dai shi haɗin kansa na musamman ne: kowa na bin sa, amma ba mai yarda da ɗan'uwansa. Akwai wata Bafulatana da ta fi shekara ashirin tana kawo nono wani gida da na sani. Ita ta riƙa kawo man shanu lokacin da uwargidan ta haifi ɗan farinta, har suna kiran juna ƙawa. Ranar da na ga abin da ya faru, ta sauke ƙwarya a ƙofar gida ta yi sallama sau uku. Uwargida na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗaga wa yara hannu su yi shiru. Ƙaramin ya leƙa ya ce, "Inna, Mama ta ce ba ta nan." Matar ta yi murmushi, ta gyara gammo, ta ce, "To ɗana, ka gaishe ta in ta dawo." Ba a taɓa kama ta da komai ba. Su ma an kore musu shanu, shi ya sa nonon ya ragu. Amma Baba ya yi bayani mai gamsarwa: wa ya sani? Da waɗannan kalmomi uku ya soke dokar ƙaunar maƙwabci a gidaje da yawa, ya kuma koya wa yaro ƙarya a darasi guda, abin da malamin makarantar Lahadi zai shekara yana ƙoƙarin kankarewa.

Ina ma Hananiya na Dimashƙu ya sami mai ba shi irin wannan shawara. An ce masa ya je ya ɗora hannu a kan Shawulu, mutumin da ya zo garin da takardar kama masu bi. Ya ɗan yi ƙorafi, sa'an nan ya tashi ya tafi, har ya kira shi ɗan'uwa. Da a ƙauyenmu ne, da mun zaunar da shi mun nuna masa cewa wannan tuban na infoma ne.

Na uku, kuma nan ne ya fi burge ni, tattalin arziki. Ƙasar nan ba ta talauci ba ce. Auduga ce ta sa Funtua ta yi suna tun da jirgin ƙasa ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, a nan aka kafa ɗaya daga cikin manyan ayyukan noma na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a tsakiyar shekarun 1970, kuma har gobe tireloli na lodin masara a Ɗandume da Bakori. A cikin masu bi akwai mai noma buhu ɗari biyu, akwai mai ɗari biyar. Da can ranar godiyar kaka irin waɗannan kan sa a shigo da buhuna ana guɗa, wani lokaci har da ɗan fahariya, Allah ya gafarta. Baba ya warkar da mu daga fahariya. Yanzu mai buhu ɗari uku yakan zo da tiya biyu a leda, da tsohuwar riga, yana cewa bana taki bai kama ba. Ka ga tawali'u. Wani Hananiyan daban da matarsa Safiratu sun ɓoye wani kashi na kuɗin gona suka faɗi matattu, amma su laifinsu ba su da uzurin infoma.

Na taɓa zama a wani taron dattawa bayan an ɗauki wani ɗan'uwa a gonarsa yana maimai. Waɗanda suka ɗauke shi sun ce kuɗi kaza, da babur sabo, da katin waya. Matarsa na zaune a waje a kan dakali da goyo. Aka rufe taga, aka ce kowa ya kashe waya ya ajiye a kan tebur. Baba Fasto ya buɗe da addu'a, ya ce a kawo shawara. Aka yi shiru har ana jin kukan akuya a bayan coci. Can wani dattijo, wanda kowa ya san rumbunansa, ya yi gyaran murya ya ce, "Baba Fasto, ba ƙin taimako ba ne. Amma in aka ji ikilisiya ta haɗa kuɗi, gobe mu za a zo ɗauka, a ce ai suna da shi." Kowa ya gyaɗa kai, an sami mafita. Wani ya ƙara da cewa ko gaisuwa ma a rage zuwa gidan, don ana lura da masu shiga da fita. Aka tsayar da shawara cewa za a ci gaba da addu'a, kowa a ɗakinsa. Aka fito aka ce wa matar, "Mama, ki yi haƙuri, muna tare da ke." Ta sayar da gonar gado da injin ban ruwa. Wanda ya sayi gonar, a farashin da ya ga dama, yana cikin waɗanda suka gyaɗa kai. Ban ce maganar dattijon ba ta da kan gado ba, tana da shi, shi ya sa ta yi daɗin karɓa. Akwai hanyoyi goma na kai wa mace taimako cikin dare ba tare da shela ba, Hattara ya san su duka, amma ba a ba shi dama ya yi magana ba.

Firist da Balawe da suka ratse suka bar mutum kwance a hanyar Yariko, an daɗe ana zaginsu a kan bagadi ba a ji ta bakinsu ba. Hanyar nan ta 'yan fashi ce. Wa ya tabbatar musu ba tarko ba ne? Wa ya ce masu abin sun yi nisa? Mutane ne masu iyali, masu hikima. Basamariyen ne ya yi ganganci, kuma abin mamaki shi aka ce mu yi koyi da shi.

Na huɗu, tsarki. Idan mace ta yi wata biyu a hannun mutanen daji ta dawo, ranar farko akan yi guɗa, a yi waƙar godiya. Mako na biyu sai Baba ya fara zagayawa da tambayoyinsa na natsuwa. Me ya sa ita aka sako ta da wuri? Wa take yi wa waya da dare? Cikin nan na wa ne? Kafin wata ya cika, bencin da take zama ya yi faɗi, mutum biyu a inda shida ke matsuwa. Mijin ma ana ba shi shawara a gefe. Ba wanda ya kore ta, mu ba ma korar mutum. Ita da kanta za ta ga ya fi mata sauƙi ta koma wurin 'yar'uwarta a Zariya. Ikilisiya ta tsarkaka, ba a yi wa kowa horo ba.

Na biyar, ya farfaɗo da sana'ar da mishan suka kashe. Kakanninmu Maguzawa, ranar da za a yi musu baftisma, da hannunsu suka kwance layu da guraye da kambuna suka zuba a wuta, dangi na kuka suna cewa iskoki za su rama. Ba su san boko ba, Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka gama a 1932 ma sai dai a karanta musu, amma suka ce Wanda suka bi ya isa. Jikokinsu masu digiri sun fi su wayo. Yau akwai man zaitun na hana harsashi, akwai ruwan da ake yayyafawa a iyakar gona, akwai hankici da sitika, kowanne da farashinsa, daga hannun wani annabi da ya zo daga nesa ya kama ɗaki a gari, wanda shi kansa ba ya kwana a ƙauye. Wanda bai gamsu ba yakan bi dare ya je wurin na gargajiyar, ya ɗaura a ƙugu a ƙarƙashin rigar mawaƙa. In ka yi magana ya ce ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Na nemi ayar ban samu ba, amma tunda Baba ya ce akwai, akwai.

Ba za a manta da yadda ya iya sarrafa harshe ba. Kowa a unguwa ya san yaron da ba ya noma, ba ya kasuwa, amma ya sauya waya ya sauya babur, kuma duk gidan da ya yi wa yawan gaisuwa sai an shiga. Uwarsa 'yar Zumunta ce, kawunsa dattijo ne. Ba mai faɗa wa mai unguwa, ba mai kiran yaron ya yi masa faɗa tun abin bai yi nisa ba. Sai ranar da aka kashe wani, Baba ya juya rigarsa ta ɗaya fuskar, ya shiga cikin samari da gora da adda, a tare wani baƙo da ya zo cin kasuwa, wanda laifinsa kawai kamanninsa. Mutane suna zaton matsoraci ba ya kisa. Bilatus ya san bai sami laifi ga Yesu ba, ya faɗa da bakinsa, amma da ya ji za a kai ƙararsa wurin Kaisar sai ya nemi ruwan wanke hannu.

Don kada a ce na yi son kai, Baba yana da wakilai har a cikin masu zaginsa. Su ne 'yan'uwanmu na Abuja da Kaduna, waɗanda rabonsu da kwana a ƙauye tun bikin ƙanwarsu, masu aiko mana da ayoyin ƙarfafawa kowace safiya da hoton zaki. Daga bayan katanga mai waya suke gaya wa mai gona a bakin daji cewa rashin bangaskiya ne ya hana shi zuwa girbi. In an yi rasuwa su turo kuɗin mota a ce a yi haƙuri, hanya ba kyau. Baba na ƙaunarsu ƙwarai, don suna sa maganar dogara ga Allah ta zama abin dariya a kunnen wanda ya binne ɗansa.

Gwamnati ma ta ba shi girmansa. An yi sulhu a 2016, an sake a 2019, a 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu, a 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma, a 2025 aka koma zaman sulhu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mutanen daji na zuwa wurin taro da bindigoginsu a kafaɗa. Duk wanda ya hau, Baba na nan a kujerarsa.

Abin da ke ɓata wa dattijon nan rai shi ne, a kowane zamani sai an sami 'yan taurin kai. A Disambar 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar nan. Manya masu hankali suka gaya musu ba za su kai ba. Ba su ji ba. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Ka ga ƙarshen rashin jin magana. Shi kuma Bingham, maimakon ya ɗauki darasi, ya sake dawowa, ya kwanta ciwo aka mai da shi, ya kuma shirya tafiya ta uku. Daga wannan gangancin aka sami ƙungiyar mishan ta SIM, daga ita aka sami ECWA a 1954, har ga mu nan muna zaune a bencinta muna amfani da hikima. Da sun bi shawarar Baba da duk ba a sha wannan wahala ba.

Na zamaninmu ma ba su daddara ba. Fada Ojapah, da ya fito daga daji, ai kamata ya yi ya tsani duk wanda bai yi kama da shi ba. Sai ga shi ya ci gaba da zancen zaman tare da Musulmi, yana kuma tattara waɗanda aka taɓa sacewa don a yi jinyar zukatansu. A Oktoban 2023, ana tsakiyar wannan hali, Fafaroma Francis ya yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, ya ba Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, shi kuma ya karɓa, alhali mai hankali zai ce a bari ƙura ta lafa. Akwai katikis da mai bishara da ba wanda zai buga sunansu, masu tura iyali gari su kwana, su kuma su hau keke da sassafe su koma ƙauyen da saura gida bakwai, wai don kada tsofaffin da suka kasa gudu su rasa mai karanta musu Littafi. Ka tambaye su ko ba sa jin tsoro, su ce suna ji mana, har cikinsu na kaɗawa. To me ya kai ku? Wai an aike su ne. Akwai wani manomi da aka ce masa ya rufe ƙofa lokacin da mutanen wata ruga da na wani ƙauyen Musulmi suka kwararo gudun hijira, amma ya buɗe zaure da rumbu, yana cewa bai ga inda aka ce a duba katin baftisma kafin a ba mai yunwa tuwo ba. Irin waɗannan ba a iya musu.

Amma mafi tsaurin ido su ne mata. Tun ungozomomin Masar, Shifra da Fu'a, da Fir'auna ya ba umarni suka yi biris, Baba bai taɓa jin daɗin mata ba. Ranar da almajirai maza suka kulle kansu a ɗaki, su ne suka fita da duhun asuba zuwa kabari. Namu 'yan Zumuntar Mata haka suke. Ba su da kujera a taron dattawa, don haka ba su ji shawarar hikima ba. Su ne suka riƙa kai wa matar nan mai goyo tiyar masara a ƙarƙashin mayafi, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce ta zo aron turmi. Wata tsohuwa a cikinsu, da ta ga bencin wadda ta dawo daga daji ya yi faɗi, ta tashi daga wurinta ana tsakiyar waƙa, ta ja sandarta ta je ta zauna har kafaɗarsu na gogar juna, ta karɓi jaririn ta goya. Bayan sujada wani dattijo ya ja ta gefe ya ce, "Iya, a riƙa lura, zamani ya canza." Ta ce, "Ɗana, zamani ne ya yi maka baftisma?"

Yanzu kuma wai sun ji gonar wata gwauruwa da aka kashe mijinta ta cika da ciyawa, masara na neman shaƙewa, sun ce ranar Alhamis za su yi mata gayya. Gonar ba ta cikin daji, ana hango ta daga bayan makarantar firamare, sun kuma nemi samari huɗu su tsaya a kan tudu, sun ce ƙarfe goma sha ɗaya kowa ta dawo. An aika musu cewa su dakata sai dattawa sun zauna. Dattawa kuwa ba za su zauna ba sai an ga yadda hali ya yi. Shugabarsu ta ce wa ɗan aiken ya gaida su Baba da kyau, ya kuma tambaya mata ko a cikinsu akwai mai fartanyar da ba ya amfani da ita, don tasu ba za ta isa ba.